'Yan Kyanwa Uku da Albashi Ɗaya: Yaya Zan Yi da Kuɗin Asibitin Dabbobi?

Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata makarantar firamare mai zaman kanta a Kaduna, ina da aure da yara biyu. Kusan wata biyu da suka wuce wata kyanwa da ta saba shigowa gidanmu ta haihu a cikin sito, bayan buhunan masara. 'Ya'ya huɗu ta haifa. Suna da kamar mako biyar muka wayi gari muka tarar da uwar a mace a bakin rariya, muna zaton ɓeran da ya ci guba ta kama. Tun daga ranar ni da 'yata mai shekara takwas muke ba su madarar gari da cokali. Ɗaya ta mutu makon jiya, saura uku, kuma ƙaramar cikinsu idonta ya manne da kwantsa, tana zawo, cikinta ya kumbura.

Na sa su a kwali na kai su wani asibitin dabbobi mai zaman kansa. An karɓe ni da mutunci, amma da aka rubuto mini lissafin kati, gwaje-gwaje, magunguna, allurai da aikin hana haihuwa na dukansu uku, sai na ga kuɗin ya haura albashina na wata biyu. Kuɗin ganin likita kawai na biya, na fito ina share hawaye. Maigidana ya ce mutane ma suna kwana da zazzaɓi babu kuɗin magani, ni kuma ina maganar asibitin mage. Surukata ta ce in jiƙa musu farasitamol, in ba su warke ba a kai su kasuwa a ajiye. Maƙwabciyata ta ce akwai wani yaro a shagon maganin kaji da zai zo har gida ya yi musu allura a kuɗi kaɗan. 'Yata kuwa kullum tambayarta ita ce ko ƙaramar ma za ta mutu. A ina zan sami likitan da zan iya biya, kuma me ya zama dole, me zan iya bari? Wallahi har kunya nake ji in gaya wa mutane abin da yake damuna.

Wata malama daga Kaduna

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwa. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kunyar da kika rufe maganarki da ita. Ki cire ta daga zuciyarki. Matar da ta wuni a tsaye a gaban allo, sannan ta tashi cikin dare tana ɗura wa marayun dabbobi abinci da cokali, ba ta yi abin kunya ba. Kin san hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Sai dai ki lura da abin da aka kama matar da shi, wato tsarewa da yunwa. Ba a ɗora miki ki zubar da albashin wata biyu ba, ba a kuma ɗora miki ki riƙe dukansu uku har ƙarshen rayuwarsu ba. Abin da yake kanki shi ne kada su wahala a hannunki alhali kina da yadda za ki yi, kuma ina ganin hanyoyin da suke gabanki sun fi abin da waccan takardar ta nuna miki yawa.

Kafin mu shiga lissafi, akwai maganar da ba za ta jira ba. Don Allah kada farasitamol ya shiga bakin ko ɗaya daga cikinsu, ko da ɗan gutsure ne, ko na ruwa da ake ba jarirai. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa wannan magani yadda tamu take yi, shi ya sa ƙwaya ɗaya ta manya take iya kashe babbar mage, balle 'yar da ba ta kai kilo ɗaya ba. Jininta ne yake lalacewa har ya kasa ɗaukar iskar numfashi, dasashinta ya koma ruwan ƙasa, fuskarta ta kumbura. Surukarki Hajiya ba mugunta ta nufa ba, abin da ta ga yana saukar wa jikokinta zazzaɓi ne ta ambata, don haka ki gaya mata cikin ladabi cewa likita ya hana. Haka nan sauran magungunan ciwon jiki na mutane. In kuma kin ga ƙuma a jikinsu, kada a fesa musu fiya-fiya ko maganin sauro, kada a yi musu wanka da Dettol ko Izal, kada kuma a shafa musu maganin ƙuma da kaska na karnuka, domin akwai masu ɗauke da sinadarin fametirin, wanda yake sa kyanwa karkarwa da farfaɗiya har ta mutu. A wannan shekarun nasu ƙaramin mataji ya ishe ki, ki tsefe ƙumar ki jefa a ruwan sabulu, ki wanke tsumman kwanciyarsu da ruwan zafi ki shanya a rana.

Madarar garin nan ma ki dakatar da ita daga yau. Na san ita ce ta riƙe su a ranakun farko, amma cikin 'yan kyanwa ba ya narkar da nonon shanu da kyau, kuma akwai yiwuwar ita ce take ƙara wa ƙaramar zawo. A mako bakwai sun isa cin abinci mai laushi. Idan aljihunki zai ɗauki abincin 'yan kyanwa na leda ko na gwangwani, shi ya fi cika, ki jiƙa busasshen da ruwan ɗumi. Idan ba zai ɗauka ba, ki dafa musu kifi ki cire ƙaya tsaf, ko naman kaza, ko dafaffen ƙwai, ki murmushe, babu gishiri, babu magi, babu yaji, musamman kuma babu albasa da tafarnuwa, domin suna lalata musu jini. Kaɗan-kaɗan sau huɗu a rana, da ruwa mai tsabta a gefe. Tuwo da miya ba sa gina jikin kyanwa, ita dabba ce mai cin nama.

Yanzu ki ɗauko ƙaramar ki duba ta a wuri mai haske. Ki ɗaga leɓenta ki kalli dasashinta: na mai lafiya ja-ja ne mai danshi, idan kika ga ya yi fari ko ya bushe yana manne wa yatsa, to jini ko ruwan jikinta ya yi ƙasa. Ki kama fatar bayan wuyanta da yatsu biyu ki ɗaga ki sake, idan ta tsaya a tattare ba ta koma nan da nan ba, ruwa ya ƙare mata. Ki taɓa tafin ƙafarta da kunnenta, in sun yi sanyi ki cika gorar roba da ruwan ɗumi, ki naɗe da tsohon zane ki kwantar da ita a jikinsa, kuma kada ki ɗura mata abinci sai jikinta ya yi ɗumi. Idon kuma ki jiƙa auduga da ruwan da aka tafasa ya huce, ki ɗora a kai na ɗan lokaci har kwantsar ta yi laushi, sannan ki share daga wajen hanci zuwa waje, kowane ido da audugarsa, ba tare da kin ɓamɓare fatar idon da ƙarfi ba. Wannan duk agajin dare ɗaya ne. Ɗan kyanwa mai zawo yana iya sulalewa cikin kwana ɗaya, ga shi kuma 'yar'uwarta ta mutu makon jiya, saboda haka wannan ƙaramar sai ta ga likita gobe da safe. Ki raba ta da sauran biyun, kwanonta daban, kwalinta daban.

To, mu dawo kan takardar da ta sa ki kuka. Ban gan ta ba, amma daga abubuwan da kika lissafa na fahimci inda matsalar take: an tattara miki hidimar wata biyar ko shida an ɗora a kan rana ɗaya. Ba lallai ba ne a ce asibitin ya so ya cuce ki. Mai yiwuwa sun saba da masu zuwa su ce a yi komai da komai, sai suka rubuta miki cikakken tsari ba tare da sun tambayi ƙarfinki ba, ke kuma nauyi ya hana ki tambaya. Gaskiyar magana ita ce yawancin abin da ke cikin takardar nan ba ma zai yiwu a yi shi yanzu ba. Ba a yi wa dabba marar lafiya allurar riga-kafi sai ta warke. Allurar haukan kare sai sun cika wata uku. Aikin hana haihuwa kuwa sai wajen wata huɗu zuwa shida. Kuɗin da ake bukata a hannunki wannan makon shi ne na jinyar ƙaramar da na maganin tsutsar ciki na dukansu, kuma maganin tsutsa yana cikin mafi arahar abin da ake sayarwa a asibitin dabbobi. Kumburin cikin da kika gani sau da yawa tsutsa ce, wadda suke sha tun daga nonon uwa. Ana maimaita maganin duk mako biyu har su kai kamar wata uku, sannan wata-wata har wata shida, kuma likita yana iya auna miki shi ki ci gaba da bayarwa a gida ba sai kin riƙa biyan kuɗin adaidaita sahu kowane zuwa ba.

Wurin da ba na so ki yi tsimi shi ne allurar riga-kafin nan mai kare cututtuka uku a haɗe. Biyu daga ciki su ne masu kawo murar kyanwa da ciwon ido irin wanda ƙaramar take fama da shi. Ta ukun ita ce babbar makashiyar 'yan kyanwa, likitoci suna kiranta fanlukofeniya, tana zuwa da amai da zawo da mutuwar jiki, kuma babu maganin da yake kashe ƙwayar cutar kai tsaye, sai dai a kwantar da dabba a yi ta ƙarin ruwa ana jiran jikinta ya yi yaƙin da kansa. Kuɗin kwanciyar kwana uku ko huɗu ya ninka na allurar sau da yawa, kuma duk da haka da yawa ba sa tashi. Ƙwayar cutar tana iya zama a daɓen ɗaki har shekara guda. Ki gaya wa likita yadda ta farkon ta mutu dalla-dalla, idan ya yi zargin ita ce, to ki wanke siton da kwanukansu da ruwan bilic, kashi ɗaya cikin kashi 30 na ruwa, ki ɗauraye, ki bari ya bushe kafin su koma. Ana fara allurar daga mako shida zuwa takwas, a maimaita duk mako uku ko huɗu har su kai mako 16. Tsadarta tana da dalili, domin daga waje ake shigo da ita, farashinta yana bin dala, kuma dole ta zauna a firij tsakanin digiri 2 zuwa 8 tun daga inda aka yi ta har ta shiga jikin dabba, a ƙasar da wutar lantarki take yadda kika sani. Idan kika ga ba za ki iya dukan zagayen ba, ki faɗa wa likita ƙarara don ya tsara miki, amma ta ƙarshen, wadda ake yi a mako 16, ita ce ba a so a tsallake.

Allurar haukan kare kuma ba ta kyanwa kaɗai ba ce, ta 'ya'yanki ce. Cutar tana kama mage kamar yadda take kama kare, tana shiga mutum ta cizo ko yaƙushi, kuma da zarar alamunta sun bayyana kusan babu mai tsira. Ita ce allurar da ta fi sauƙin samu a asibitocin gwamnati, domin Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos, wadda take can tun 1924, tana cikin masu samar da riga-kafin wannan cuta a gida. Ki dai tabbatar wadda za a yi musu ta dace da kyanwa, domin akwai irin da aka yi wa karnuka kaɗai. Haka kuma kowace ranar 28 ga Satumba ana bikin ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, kuma a lokacin ma'aikatun jihohi da ƙungiyar likitocin dabbobi sukan yi allurar kyauta a wasu wurare, don haka ki tambaya idan lokacin ya yi daidai da shekarunsu.

Sai tambayarki ta inda za ki je. Ki fara da asibitin dabbobi na gwamnatin jiha, wanda yake ƙarƙashin ma'aikatar da ke kula da noma da kiwo. Kuɗin kati da na ganin likita a can ba ya kama ƙafar na masu zaman kansu. Amma zan gaya miki gaskiya don kada ki je ki yi mamaki: aikinsu na yau da kullum shanu ne da awaki da kaji, sai karnuka, kuma mai yiwuwa ba za ki tarar da allurar kyanwa mai haɗe uku a firijinsu ba. Da kin shiga ki tambayi likitan da ya fi duba ƙananan dabbobi, in ba ya nan ki karɓi ranar da yake zama. Sau da yawa za su duba dabbar, su rubuta miki magani ki saya a waje, kuma wannan ba aibu ba ne, yana ma ba ki damar kwatanta farashi. Ga manyan abubuwa irin tiyata, kina da sa'ar da mutanen garuruwa da yawa ba su da ita, domin Asibitin Koyarwa na Likitancin Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan a Samaru, Zariya, tafiyar kilomita 80 ko makamancin haka daga Kaduna, kuma suna da sashen ƙananan dabbobi inda ɗalibai suke koyon aiki a ƙarƙashin manyan likitoci. Masu karanta mu daga Sakkwato da Maiduguri su ma jami'o'insu suna da irin wannan asibiti. Sai dai ki haɗa kuɗin mota da na wunin da za ki rasa a makaranta a cikin lissafin, kuma kada ki ɗauki ƙaramar nan mai zawo ki yi doguwar tafiya da ita alhali akwai likita kusa.

Ba na kuma so ki rufe ƙofar asibitin da kika fara zuwa. Kin riga kin biya kuɗin ganin likita, sun ga dabbobin, kuma kin ce sun mutunta ki. Ki koma, ko ki kira, ki ce: "Likita, ni malamar makaranta ce, abin da zan iya kashewa wannan watan kaza ne. A cikin takardar nan me ƙaramar take bukata yau don ta rayu, me zai iya jira, kuma wane magani zan iya saya a waje in ba ta a gida?" Ki nemi a rubuta farashin kowane abu daban. Ki tambaya ko za a buɗe wa ukun kati ɗaya tunda 'yan ciki ɗaya ne, ko za a yi musu allura rana ɗaya a kuɗin gani ɗaya, ko kuma za a karɓi biya kashi-kashi. Gwajin kashi ba shi da tsada kuma yana da amfani ga mai zawo, amma gwaje-gwajen jini na cututtukan da ba a ga alamarsu ba galibi za su iya jira. Yadda likitan ya amsa waɗannan tambayoyi shi zai nuna miki ko naki ne. Wanda ya zauna ya warware miki lissafin, ya ce wannan dole ne, wannan a bari sai wata mai zuwa, shi ne likita mai araha ko da kuɗin katinsa ya ɗara na wani, domin ba zai sa ki sayi abin da ba ki bukata ba. Wanda ya ɓata rai don kin tambaya kuwa, ki yi masa godiya ki nemi wani.

Maganar yaron shagon maganin kaji ce ta fi tayar mini da hankali, domin na taɓa bin wannan hanya. Shekarun baya ina da wani ɗan muzuru mai ƙaiƙayi a kunne, aka kawo mini wani yaro daga irin wannan shago, ya zaro kwalbar allurar da ake yi wa awaki da shanu, ya zuƙa da ido ba tare da ya auna nauyin dabbar ba, ya soka masa. Kafin magariba muzurun yana tangaɗi kamar ba ya gani, jikinsa yana rawa, yawu yana zuba, kuma bai kai washegari da azahar ba. Yaron bai yi niyyar kisa ba, abin da ya saba yi wa akuya mai kilo 25 ne ya yi wa abin da bai kai kilo ɗaya ba. A jikin ɗan kyanwa bambancin magani da guba ɗigo ne kawai. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, kuma a nan har rai take ci. Likitan dabbobi na gaskiya ya yi karatun digiri na wannan fanni a jami'a, yana da lambar rajista daga Majalisar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya, kuma ba laifi ba ne ki tambaye shi. Akwai malaman dabbobi masu difloma da suka iya aikinsu sosai, ba na raina su, amma a ƙarƙashin likita ya kamata su taɓa dabba ƙarama irin wannan. Ko'ina kika je, ki sa ido a kan abubuwa masu sauƙin gani: ya ɗora ta a sikeli kafin ya zuƙi magani, ya auna zafin jikinta, ya ciro allurar riga-kafin daga firij ko akwatin ƙanƙara a gabanki da sabon sirinji, sannan ya liƙa takardar jikin kwalbar a katinta ya rubuta ranar dawowa. Allurar da ta wuni a aljihun riga cikin zafin rana ruwa ce kawai kika saya.

Maigidanki kuma ina roƙonki kada ki ɗauki maganarsa a matsayin rashin tausayi. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya zama naira 70,000 a 2024, kuma malaman makarantu masu zaman kansu da yawa ba sa ma kaiwa nan, mutumin da yake ɗauke da haya da abinci da kuɗin makaranta yana da haƙƙin ya firgita idan ya ji albashin wata biyu zai tafi a kan mage. Abin da ya ƙi shi ne waccan babbar takardar, kuma ni ma da ita aka kawo mini da na ƙi. Ki same shi a lokacin da hankalinsa yake kwance, ki fara da cewa ya yi gaskiya, ba za ki kashe wancan kuɗin ba. Sannan ki faɗa masa adadin da kika yanke za ki riƙa cirewa daga albashinki kowane wata, adadin da ba zai taɓa cefane ba, ki kuma yi masa alkawarin ba za ki ci bashi a kan wannan ba, ki cika alkawarin. Ki nuna masa cewa maganin tsutsa da allurar haukan kare kariya ce ga yaran da suke wuni suna rungumar dabbobin. Ki tuna masa da buhunan masarar da ke sito: gidan da ke da kyanwa bai cika bukatar gubar ɓera ba, wadda ita ake zargi da kashe uwar, kuma ko Hukumar Lafiya ta Duniya tana ambatar kiwon kyanwa cikin hanyoyin rage ɓeraye a gida saboda zazzaɓin Lassa. Ku bincika tare ko a gidanku ake sa gubar ko a maƙwabta, domin nan da wata kaɗan waɗannan ma za su fara farauta.

Abin da zan faɗa yanzu shi ne mafi ɗaci, amma ina ganin shi ne zai sauke miki nauyin. Uku sun yi miki yawa. Daidai ruwa daidai tsaki: kyanwa ɗaya da aka yi wa komai ta fi uku da aka yi wa rabi-rabi. Ki riƙe ɗaya, in kin matsa biyu, sauran ki nema musu gida bayan sun cika mako takwas zuwa goma, suna cin abinci da kansu, an ba su maganin tsutsa, kuma likita ya tabbatar ba su ɗauke da abin da ya kashe 'yar'uwarsu. Masu shagunan hatsi da masu kiwon kaji da gidajen da ɓera ya addaba suna neman mage, kuma a cikin abokan aikinki da iyayen yaran ajinki ba za a rasa mai so ba. Ki ba da kowace da katinta, ki gaya wa mai karɓa ranar allura ta gaba, ki nemi ya ɗauki nauyinta daga nan. Ajiye su a kasuwa kuwa, a wannan ƙanƙantar, daidai yake da barin su ga yunwa da karnuka da tayar mota, kuma na tabbata idan kika ce wa Hajiya kin samo musu gidaje, ita ma abin da take so ke nan, wato su ragu.

Wajen zaɓar wadda za ki riƙe, ki sa likita ya duba miki maza da mata. Macen kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu, cikinta kwana 63 zuwa 65 ne, kuma tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, wato idan kika riƙe mace ba a yi mata aiki ba, baɗi war haka za ki sake rubuto mini irin wannan wasiƙa. Fiɗiyar namiji ƙaramin aiki ne kuma ya fi araha nesa ba kusa ba, aikin mace kuwa sai an buɗe ciki. Kina da wata biyu ko uku ki tara kuɗin a asusu, kuma wannan ne aikin da ya cancanci tafiya Zariya idan farashin cikin gari ya fi ƙarfinki. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin hana dabba haihuwa, wasu sun halatta idan akwai maslaha ko kawar da cuta, wasu sun ƙi, don haka ki tambayi malamin da kika natsu da shi tun yanzu, ba sai ranar ta zo ba.

Ita kuma 'yarki, kada ki yi mata alkawarin ƙaramar za ta rayu, domin ba a hannunki yake ba, kuma yarinyar da ta riga ta ga mutuwar uwar da ta ɗaya za ta gane idan aka rufe ta. Ki ce mata ƙaramar ba ta da lafiya sosai, za ku kai ta wurin likita, za ku yi iya ƙoƙarinku, sauran kuma na Allah ne. Ki ba ta aikin da ya dace da shekarunta, kamar canza ruwan sha da rubuta ranakun magani a jikin kalanda, ki koya mata wanke hannu da sabulu bayan ta taɓa su, kwashe kashinsu kuma ki bar wa kanki. Idan kika ga wani zagayayyen tabo mai ƙaiƙayi a fatarta ko gashi ya zube wa 'yan kyanwan a wuri guda, makero ne, yana da magani, ki nuna wa likita. In aka cije ta ko aka yaƙushe ta har jini ya fito, ki wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 sannan ku je asibiti. Ki kuma sanar da ita tun yanzu cewa waɗanda ba za ku riƙe ba za su koma wasu gidaje, ki bar ta ta raka su ranar da za a kai su.

Gobe ki fita da ƙaramar kyanwar da sassafe kafin rana ta yi zafi. Ki huda kwalin ta gefe, ki shimfiɗa zane, ki sa gorar ruwan ɗumin a ciki, ki riƙe shi a cinyarki. Ki ɗebi ɗan kashinta na safe a leda don gwaji, ki tafi da takardar lissafin farko, kuma idan ta yi laushi a hanya ki shafa mata ɗan ruwan sukari a dasashi da yatsanki. In kin dawo ki rubuto mini abin da likita ya ce da abin da aka caje ki, mu duba sauran watannin tare. Allah ya ba ta lafiya, ya saka miki da alheri.